Kwarin da Aka Toshe Mana

Jiya a unguwar Rusaifa, nan Makka, na tsaya wajen mai faci, sai na ji yana rage iskar wata taya. Wannan 'yar ƙarar ce ta mayar da ni bayan tsohuwar a-kori-kurar Baba.

Ka san mu Hausawan unguwar Tandabawi a matse muka tashi, gida kan gida, dutse gaba dutse baya. Shi ya sa in sanyi ya shigo aka samu ruwan sama, Baba kan kwashe mu mu fita barr, wato jeji. Inna ta ɗaure tukwane da tabarmi, ni da Yayata muna baya rungume da jarkar ruwa. Inda kwalta ta ƙare, Baba zai sauko ya rage wa tayoyi iska saboda rairayi, sannan mu gangara wani kwari mai itatuwan samur, masu ƙaya kamar bagaruwar gida. Bayan ruwa ƙasar wurin ƙamshi take yi, ciyawa ta fito siririya kamar gashin jariri.

Wani tsohon Balarabe ne ke kiwon raƙuma a kwarin. Sharaɗinsa kaɗan ne: a bi sawun taya ɗaya, kada a taka ciyawa, kada a sari ɗanyen ice. Baba ya riƙe wannan kamar alwala. In ya haɗu da wata mota a sawun, gara ya yi ta ja da baya da ya kauce. Inna kuwa ba ta barin wuri sai ta binne toka, ta share da reshe.

Na yi yawo bayan nan. Na kwana a rairayin Agadas, na sha shayi da makiyayan Sudan, na ga wuraren shaƙatawa a Turkiyya da ake shiga da tikiti. Ban ga inda aka sakar wa baƙo fili a kan maganar baki kawai kamar can ba.

Bana Yayata, wadda gwiwa ta zaunar a keken guragu a unguwar Shisha, ta ce, "Ka kai ni in ga itacen da Inna ke girki a gindinsa, tun idona yana gani."

Na kai ta. A bakin kwarin muka tarar an tara tudun ƙasa, an jera tubalan siminti, ga allo: mota ba ta shiga, sai da ƙafa. Daga nan ina hango kututture, da ledoji maƙale a ƙaya, da zagayen tayoyi inda aka yi ta wasan mota a kan ciyawa. Na hau faɗa ni kaɗai, ina zagin marasa tarbiyyar da ban sani ba.

Sai ga jikan tsohon nan, shi ma gemu ya yi fari. Na gaya masa ko ni ɗan wane ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da Larabci, "Ya ammi," wato baffa, "kakana wasiyya ya bar mana. Ya ce duk wanda ya gaishe mu da 'sannu', mu bar shi ya wuce, mutanen direban nan ne. To da 'sannu' suka shigo."

Ya ce ayari-ayari samarinmu ke zuwa, wasu ban da wannan kalma ba su san komai a Hausa ba. Sai da taguwarsa ta ci leda ta mutu ya kai kuka hukuma. Ya kwatanta mini motar da ke jan gaba. Na san ta. A ƙofar gidan ƙanena take kwana.

Da na tari ɗan ƙanen nawa daga baya, ko kansa bai ɗago daga waya ba. "Ya ammi, sahara ce fa. Faɗi gare ta."

Ran nan a bakin kwarin, keken Yayata bai iya rairayi ba, ni kuma bayana ba zai ɗauke ta ba. Makiyayin ya ce ta sauko ko shayi ta sha. Ta ja mayafi ta ce, "Da wane ido? Juya mu tafi."

Yanzu yaranmu sun fi mu mota, sun fi mu Larabci, sun san hanyar ko'ina. Abin da iyayenmu suka tara musu a bakin mutane ne ba su san yana ƙarewa ba.

A hanyar dawowa Yayata ta ce, "In namu ne, kada ka gaya mini ɗan wa ne." Ban gaya mata ba. Yaron ne ke tura kekenta zuwa asibiti.