Babin da Yaya Idirisu Ya Kasa Rubutawa

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka kai Yaya Idirisu makwancinsa. Waɗanda suka san shi a Tamale sun ragu ƙwarai, yawancinsu ma Ticha suke ce masa, ba su san sunan yanka ba. Ni ce Adiza, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗinki nake yi a ƙofar gidanmu a Choggu tun zamanin da gonakin masara ke bayan katangarmu. Yanzu ba gona ko ɗaya, sai shaguna da ƙarar babura. Bana na ce bari in ba da labarinsa wanda ko 'ya'yansa ban taɓa ba su ba.

Littafi ɗaya ya rubuta a duniya, a kan mahaifinmu. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana kora shanun fatake da ƙafa daga arewa har Kumasi, ya dawo da goro. Bayan la'asar Yaya kan zaunar da shi a gindin darbejiya yana yi masa tambayoyi: ina kuke kwana, yaya kuke haye kogi da dabbobi, wa ya mutu a hanya. Baba na faɗa, shi yana rubutawa. Sun kai babi goma sha ɗaya lokacin da albashin malamin makaranta ya daina kai mutum tsakiyar wata, malamai suka yi ta tafiya Najeriya, Yaya ma ya shirya bin su. Baba ya ce masa, "Ka zauna mu ƙarasa tukuna." Yaya ya ce shekara ɗaya zai yi. Uku ya yi. Baba ya rasu wata huɗu kafin Yaya ya sauko daga bayan lori tare da waɗanda aka koro daga Najeriya, da jaka ɗaya a hannunsa.

Wanda bai ga shekarar nan ba, da wuya ya gane. Ruwa ya ƙi, gobara ta cinye gonaki, mutane na bin layin masara tun safe har azahar. Takarda kanta ta zama abin nema. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa Yaya ke rubutu, kuma babi ɗaya ne ya rage masa, na ƙarshen rayuwar Baba. Wata bakwai yana kansa.

Ba dabarar da bai gwada ba. Ya ce hayaniyar gida ce, ya riƙa hawa keke zuwa bukkar gonar wani abokinsa a Gumani, ya dawo da ƙaiƙayi a wando da takarda fara fat. Ya ce alƙalamin ne, ya sake wani. Ya ce yunwa ce, na riƙa ware masa koko mai kauri kafin in tsinka wa sauran gida. Ya shanye, ya gode, bai rubuta komai ba. Ina dariyar abin yanzu, amma a lokacin mutumin ramewa yake yi, kuma na san ba yunwa kaɗai ba ce.

Akwai Mista Ofori, akawu ɗan kudu, Kirista, da ke zaune a Gumbihini. Shi ya buga babi goma sha ɗayan nan da tafiretarsa don zumunci kawai. Ya kusa ajiye aiki, ya ce da Kirsimeti zai koma garinsu da shi da tafiretar. Duk Asabar sai ya leƙo, da irin Hausarsa ta kasuwa: "Ticha, littafi ya ƙare? Mata na ya fara ɗaure kaya fa." Yaya ya ce mako mai zuwa. Mista Ofori ya dube ni, ya girgiza kai, ya tafi.

Takardun da Yaya ya yamutsa ya jefar nake tsinta, in miƙar, in yanka samfurin wuyan riga da su. Ran nan kafin in sa almakashi idona ya faɗa kan rubutun. Ga Baba a kwance yana wasiyya mai tsawo, yana sa wa ɗansa na nesa albarka. Na ɗauko wata takardar, wata wasiyyar ce daban. Na ƙirga har biyar. Sai na gane abin da ya tsare shi: ba ya nan ranar da Baba ya rasu, yana jin nauyin tambayata, kuma hannunsa ya ƙi yarda da ƙarya.

Da ya dawo daga makaranta na miƙa masa takardar, na ce, "Yaya, Baba bai faɗi haka ba."

Ya shige ɗaki. Kwana uku ba ma haɗa ido. Ran na huɗu da hantsi ina kan keken ɗinki ya jawo benci ya zauna. Sai ya ce, "To, me ya faɗa, Adiza?"

Allah ya sani na so in zaɓar masa ɗaya cikin biyar ɗin nan in ce ita ce. Amma na ce, "Ya yi fushi da kai, Yaya. Da wasiƙarka ta zo ka ce sai baɗi, wata biyu bai ambaci sunanka ba. In na fara karanta masa, sai ya juya bango."

Ya gyaɗa kai. 

Na ce, "Amma saura kwana shida ya cika, ya ce in fito da kekenka daga ɗakin ajiya. Ya sa aka ba shi iska, aka sa wa sarƙa mai, yana kwance yana kallo. Ya ce kana dawowa aiki za ka nema, kuma ba kyau malami ya je makaranta da ƙafa. Ranar da zai cika bai yi wasiyya ba. Koko ya nema, ya ce na cika citta. Shi ke nan."

Yaya ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya shi. Wata mata da ta zo karɓar ɗinkinta ta tsaya daga nesa, ta juya. Da ya natsu ya ciro alƙalami ya ce, "Sake faɗa mini tun daga farko, kada ki gyara komai." Kwana tara ya gama babin. Fushin yana ciki, juya bangon yana ciki, har cittar. Mista Ofori ya buga shi a kan akwatin kayansa ana gobe zai tashi, ya ce, "Wannan ne ya fi duka. Ƙanwanka ne ya kamata ya zama ticha."

Nakan yi tunanin abin da Yaya zai ce da zamanin nan. Waya za ta burge shi, musamman yadda take ɗaukar murya. Na tabbata da ya bi dattawan zango, unguwar Hausawa, gida gida da ita. Abin da zai ɓata masa rai shi ne jikokinsa, masu gaishe ni da Turanci, su ƙarasa da Dagbanci, Hausar kuma sai an matsa. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai sa su karanta masa shafi ɗaya kafin ya bar su su tafi wasa.

Littafin bai yi suna ba. An gurza shi a injin wata makaranta, 'yan kwafi kaɗan, aka raba wa dangi da abokai. Gara ta ci wasu, ruwa ya ci wasu. Amma daga wannan shekarar Yaya ya zama mutum mai zuwa ya tambaya. In ya saɓa da wani ba ya zama yana saƙa abin da mutumin ke nufi, takawa yake yi har ƙofar gidansa. 'Ya'yansa duk sun ɗauko wannan, kuma ban san gadon da ya fi shi ba.

Watan jiya wani dattijo mahauci ya yi sallama a wurin ɗinkina. Ya ce an gaya masa sunan mahaifinsa na cikin littafin Ticha, cikin waɗanda suka kora shanu da Baba, kuma shi bai tashi ya san mahaifin ba. Na ce kwafina ba ya fita gidan nan, amma ga benci. Ba ya karatun boko, don haka na ajiye ɗinki na karanta masa. Layi huɗu ne kacal: mahaifinsa dogo ne, yana waƙa in shanu sun firgita, kuma shi ya fi kowa iya ruwa. Ya sa na maimaita sau uku. Da zai tashi ya ce, "Hajiya, ashe yana waƙa." Allah ya jiƙan Yaya Idirisu, ya jiƙan Baba.