Kamu Takwas na Bhikaji

Shekara arba'in da ɗaya Bhikaji Nakhwa ya yi yana kula da jiragen ruwa na tsere a gaɓar Mumbai. Gishirin teku ya cinye baƙin gashinsa, igiya kuma ta cinye kan yatsansa na tsakiya. Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da kamu yake aunawa, daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsan tsakiya, yadda ubansa masunci ya koya masa.

Jirgin da yake yi wa hidima na Hoshang Batliwala ne, tsohon likitan haƙori mai shegen surutu. In iska ta biyo jirgi ta baya, akan tokare ƙyallen gaba, mai kama iska ya tura jirgi, da doguwar sanda don ya buɗe ya sha iska ya ƙoshi. Doka ta hana sandar wuce nisan da ke tsakanin turken tsakiya mai riƙe da ƙyalle da goshin jirgi. Wanda tasa ta wuce, a hukunta shi da ƙarin daƙiƙa uku a kowane mil. A takardar jirgin Hoshang nisan ya zo daidai kamu takwas, haka kuwa bara Bhikaji ya yanke sandar, har da ƙugiyar da ke bakinta.

Ranar babban tsere da safe ƙugiyar ta karye. Cikin gaggawa ya ɗaura wata, wadda ta ɗara ta farko tsawo da faɗin yatsa huɗu. Bai gaya wa kowa ba. Suka yi mil goma sha biyu, suka ci da daƙiƙa goma sha ɗaya kacal.

Sai Sequeira, wanda ya zo na biyu, ya kai ƙara.

“Likita, wannan sanda ce ko gorar tsinko kwakwa?” in ji Sequeira.

“Je ka koyi tuƙi tukun, tsohon banza,” in ji Hoshang. “Baba Bhikaji, kawo musu su auna!”

Bhikaji ya ɗauko ta. A ganinsa kofin da suka ci zai tafi, a kuma ce ya tsufa da maguɗi.

Madam Nalini mai awo ta ja tef a jirgi, ta ja a sanda, ta gyara tabarau ta sake ja.

“Saura kamar ƙwayar shinkafa ta cika. Ba ta wuce ba. Baba, da me ka auna wannan?”

Ya miƙa mata hannu. Ta ɗora tef daga gwiwa zuwa yatsu, ta kwashe da dariya.

“Kamunka ai ba cikakke ba ne! Guntun yatsan nan, sau takwas, shi ya biya maka ƙugiya.”

Hoshang ya rungume shi yana ihu. Bhikaji dai ya zauna a matakalar dutse, ruwa na lasar ƙafarsa, yana juya dungun yatsan da ya shekara ashirin yana ɓoyewa a aljihu. Numfashinsa ya sauka a hankali, kamar ƙyallen da aka kwance bayan tsere.