Robar hannun babur ta so kashe ni da Inna

Jama'a, yau saura ƙiris ku zo zaman makokina!

Tsohuwar robar hannun babur ɗina ta cinye mini tafin hannu, na sayo mai laushi. Ta ƙi shiga. Bakanike ya shafa mata baƙin mai, wai "Haka muke yi, Malam." Sakarai!

Na ɗauko mahaifiyata zuwa Kurni. Muna cikin yashi sai ga amalanken shanu a gabanmu. Ina kaucewa, robar hagu ta zare a hannuna! Muka faɗa gonar mutane, Inna na ta salati. Tarin kara ne ya tare mu.



Inna ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ce, "Tafi abinka, Habu. Da ƙafa zan ƙarasa."