Gonar da Na Auna

Ina da shekara goma sha ɗaya da fara koyar da labarin ƙasa a wani kwaleji a Maradi lokacin da na auna gonar da ba tamu ba.

Baba ne ya kira mu, ni da ƙanena, a zauren gidanmu na Sabon Gari. Idanunsa sun yi yana, ga gari yana ta cin gonakin hanyar Tsibiri: bana ka ga gero, baɗi ka ga an kafa duwatsun siminti an yanka filaye. Ya ce yana so a yi wa gonarsa takarda, kuma yana so ya damƙa ta a hannun ɗayanmu tun yana da rai. Ko kallon ƙanena ban yi ba. Mutumin da aka kora daga lakwal tun yana aji huɗu, ya ƙare a noman rani a Jiratawa, kullum ƙafa kaca-kaca da laka? Ni kuwa ina zana nahiyar Afirka a allo ba tare da na ɗaga alli ba.

"Mushe," in ji Baba. Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, kuma har yau ban tabbata girmamawa ba ce. "In ka wuce rijiyar da ta rufta, ka bi dama har inda tsamiya take da. Daga nan ka miƙe sai wurin da jakin maƙeri ya mutu."

Tsamiyar nan tun kafin a haife ni aka sare ta. Jakin kuwa, ko ƙashinsa ƙasa ta cinye. Amma haka mutanenmu suke, ba sa kwatance sai da abin da ya riga ya ɓace. Ka tambayi ɗan Maradi gidan suna, ya ce maka bayan tsohuwar tasha, kusa da inda mai tsire yake zama da. In ka ɓata, laifinka ne da ba a haife ka da wuri ba. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, yanzu waya na ganin duniya daga sama.

Rabona da gonar tun ina yaro, sai dai na tuna gawo biyu a tsakiyarta. Ranar wata Asabar cikin rani na hau babur, na buɗe hoton ƙasa a waya, na nemo gawo biyu, na same su. Abin da ba mu koyarwa a aji shi ne, da rani duk gonakin Tsibiri kamarsu ɗaya: rairayi, kututturan kara, kashin awaki. Na zagaye ta da takalmi sau-ciki, na ɗauki kusurwa huɗu. Da na koma gida na kwana biyu ina zane, har da kibiya mai nuna arewa. Wallahi taswirar ta yi kyau.

A ƙofar gidan mai gari aka tara maƙwabtan gona don shaida. Na shimfiɗa takardata a tabarma ina bayani, ina sako Faransanci nan da can don a san da wa ake magana. Wani tsoho ya matso, ya ce in sake faɗin abin da ke gabas da gonar. Na ce suri ne babba.

"Surin ga nawa na," ya ce. "Gawon ma nawa na. Ɗan wa kake, da za ka taho da waya ka ɗauke mini gona ina zaune?"

Da aka gaya masa ko ni ɗan wane ne, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya roƙi in bar masa zanen, tunda dai an riga an yi masa aiki kyauta. Kunya ta hana ni ƙi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Washegari da sassafe Baba ya sa ƙanena ya zo daga Jiratawa ya goya shi a babur, ni ina biye da su ina shan ƙurarsu. A wani wuri da ban ga komai ba sai rairayi, ƙanena ya karya dama ba tare da an ce masa ba. Ashe nan tsamiyar take da.

Baba ya sauka, ya cire takalmi, ya dafa kafaɗar ƙanena. Suka bi iyaka, tushen gamba bayan tushen gamba. Yana tafe yana faɗi: nan ruwa ke kwanciya, nan gero ba ya yi sai wake, nan uwarmu ta yi tuntuɓe da ƙwaryar fura tana ɗauke da cikina. Ƙanena yana ƙarasa masa wasu tun bai rufe baki ba. Duk damina shi ke zuwa noma wurin, ni ina gyaran takardun jarrabawa. Gawon ma ɗaya ne, ɗayan ya faɗi da daɗewa. Na ji haushi, na kuma ji kishi, irin wanda ban taɓa zaton zan yi da mai laka a ƙafa ba.

Na sake aunawa, wannan karon ina bin sawunsu. Da muka gama, Baba ya zauna a gindin gawon, ya kamo hannun ƙanena.

"Kai za ka riƙe gona."

Na tsaya da waya a hannu ina jiran nawa. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashina.

"Kai kuma, Mushe, ka riƙe takardar. Ita ka sani."