Murja da Rinar Rumfa

A Sandamu, idan rina ta yi gida a tsakar gidan wani, Murjanatu mai saƙar tabarma ake kira. Tun tana yarinya take bin mahaifiyarta yankan kaba a daji, kuma duk mai yankan kaba dole ya san rina, don a ƙarƙashin ganyen take maƙala gidanta. Ta sha harbi har ta gane halinta: da rana zafin zuciya gare ta, amma da sanyin safiya jikinta a mace yake.

Mijinta, Malam Kalilu, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, ƙaton mutum da ke riƙe bijimi ta ƙaho ba ya ko gezau. Rina kaɗai ke sa shi sauya hanya.

Bana, ana shirin sunan jikarsu, Murja ta ɗaga kai a rumfar da mata za su zauna, sai ta hango gidan rina ya kai girman faifai, sun yi masa baƙi ƙirin.

"Kowa ya ja da baya," in ji ta. "A bar min su sai da safe."

To, gida ya cika da surukai, Malam kuwa ya ji nauyin a ce matarsa ce za ta yi wannan aiki yana zaune. Ya ɗauko gora.

"Malam, rana ta take. Ka rufa mana asiri."

"Haba Murja, ƙwari ne fa, ba zaki ba."

Duka ɗaya ya kai, bai ma sami gidan ba. Kafin ya sauke gorar sun yo kansa. Ya zubar da hula da takalmi, bai tsaya ba sai bayan turken awaki. Ɗaya ta same shi a kunne, ɗaya a leɓe.

Murja ba ta yi dariya a gaban baƙi ba. Ta ja shi ɗaki, ta goga masa albasa, ta shafa jiƙaƙƙiyar toka. A can ne dariyar ta ƙwace mata, shi ma ya so ya taya ta, leɓen ya hana.

Gari na wayewa ta lulluɓe jiki da zani mai kauri, ta hura busasshen kashin shanu a kasko, ta ajiye a ƙarƙashin rumfar. Ta jira hayaƙi ya bugar da su, sannan ta rufe gidan da tsohon buhu, ta datse shi da wuƙa daga tushe, ta shafa kananzir a gurbin don kada su dawo. Akwai wani gidan a kan bishiyar dogon yaro a bayan katanga. Wannan ba ta taɓa shi ba, don su ke cinye mata tsutsar kuɓewa.

Aka yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Rahama, mata suka wuni a rumfa ana shewa. Duk wanda ya tambayi Malam labarin leɓensa, sai ya ce, "Aikin da ba nawa ba na shiga."

Naman ragon suna ne dai ya gagare shi taunawa. Murja ta dama masa kunun tsamiya, ta soya rabonsa ta adana a kwano. Da kumburin ya saɓe ta kawo masa, suka zauna kan sabuwar tabarma suka ci tare, yana ta tsince mata tsoka.