Ƙunshin da Ke Ƙarƙashin Gadon Inna

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, Wudil ta cika da takarda. Duk wanda ya samu hali sai ya rushe katangar ƙasa ya ɗora bulo. Buhunan siminti suka watsu a kowane lungu, ga kwalayen madara da na rediyo, awaki na ci har cikinsu ya kumbura. Ni kuwa lokacin sabon malamin firamare ne, da wando mai faɗin ƙafa da baki kamar reza. Ni na kawo shawara a ƙungiyar unguwa cewa mu riƙa tara takardun nan, motar da ke kawo kaya kasuwar Juma'a ta kwashe su zuwa wata masana'anta a Kano a sake sarrafa su. Aka yarda, kaina ya ƙara girma.

Sharaɗi ɗaya dattawa suka kafa: takardar da ke da rubutun Larabci ba za ta hau mota ba, kada sunan Allah ya koma kwalin takalmi. Aka ɗora wa ladaninmu, wani tsoho mai raunin gani, aikin tsamewa. Abin da ya tsame sai ya ƙone shi a wuri mai tsabta, ya zuba tokar a kogi. Na ce madalla, amma a raina ɓata lokaci na ɗauke shi.

Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kurmi, a can kuma ya rasu ina ƙarami. Bayan labarin rasuwarsa ne wasiƙarsa ta ƙarshe ta iso hannun Inna, mahaifiyata, da ajami. Ita ba ta karatu, kuma kunya ta hana ta kai wa bare ya karanta mata maganar mijinta. Ta adana ta, tana jiran autanta ya girma. Na girma, sai dai boko ya ɗauke ni daga makarantar allo da wuri, ajami da ƙyar nake haɗa baƙinsa. Girman kai ya hana ni faɗa. Duk sanda ta ce, "Auta, yaushe za ka duba mini takardar nan?" sai in ce, "Inna, bari a yi hutu." Hutu ya zo ya wuce ban san sau nawa ba.

Wata Alhamis tarin namu bai kai cikin mota ba, ga shi na cika baki a gaban mutane. Inna ta tafi suna Dagumawa. Na shiga gida ina yashe duk abin da ya yi kama da takarda. A ƙarƙashin gadonta na ga wani ƙunshi na tsohuwar takardar siminti an ɗaure da zare. Ban kwance ba, na jefa a buhu.

Da ta dawo da yamma ta durƙusa ta laluba, ta sake lalubawa, sannan ta kira ni, ta ce wasiƙar babana na cikin ƙunshin. Da gudu na isa rumfar da muke tarawa, na zazzage buhu bayan buhu. Ga takardar simintin nan a warware, zaren a gefe, wasiƙar kuwa babu ita. Da rubutun boko ne, da na same ta kwance cikin tarin tana jiran mota.

Na sami ladan yana dawowa daga bakin kogi, yana kaɗe hannu. Ya ce, "Malam, na ga bisimilla a samanta, sauran kuwa idona bai kai ba. Na yi mata abin da ya dace." Bai yi laifin komai ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, don ban sami wanda zan yi wa faɗa ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni a hankali, "Ka duba ta kafin ka kai?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na duba, Inna. Gaisuwa ce. Ya ce ki yi haƙuri, yana nan tafe."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Babanka bai taɓa cewa yana tafe ba sai ya faɗi ranar kasuwar da zai iso."

Ta miƙe ta ɗauki buta. Ta yi shekaru a raye bayan nan, ba ta ƙara ce mini in duba mata komai ba.