Dattawa Huɗu da Goron Alhaji

Ranaku da yawa sun wuce a zamana na Amurka ban riƙe komai a cikinsu ba, amma Asabar ɗin da na kai surukina gaida dattawa, ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin za ta fita daga kaina. A lokacin bai ma zama surukin nawa ba tukuna, kuma a nan matsalar take.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni mutum ne da jama'armu ta Greensboro ke gani da mutunci. Sahun gaba a masallaci, ba a suna ko ɗaurin aure sai an neme ni, Malam sama Malam ƙasa. Abin da ba su sani ba shi ne, tun ina saurayi a zangon Kumasi nake mutuwar son kiɗan wasu Turawa huɗu masu jita da ganga, irin kiɗan nan da ake kira rok. Yayana ne ya jawo mini. Yana aiki a tashar jiragen ruwa, ya dawo gida da wani kaset da rubutun jikinsa ya goge, muka yi ta juya shi har ya tsinke muka liƙe da jan farce. Ba ma jin Turancin da suke yi. Akwai wata waƙa da amshinta ya yi mana kama da "kawo ruwa", sai muka raɗa mata suna Kawo Ruwa, muna rerawa da iya ƙarfinmu a tsakar gida har mahaifiyarmu ta biyo mu da muciya.

Yayana ya rasu, kaset ɗin ya ɓata, amma kiɗan bai sake ni ba. Da na zo Amurka na gano sunan mutanen, na kuma ji ainihin abin da suke faɗa, ashe waƙar babu ruwanta da ruwa. Duk da haka bakina ya ƙi gyaruwa. Aikina tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti ne, to da zarar na sauke na ƙarshe sai in sa kiɗan a rediyon motar in ƙure murya. Idan na doso Gate City Boulevard, inda shagunan mutanenmu suke, sai in kashe, in gyara hula, in ɗaure fuska.

Ana nan sai babban ɗana ya ga yarinya yana so, 'yar wani Alhaji mutumin Maraɗi mai sayar da motoci, mazaunin unguwar Sedgefield. Yarinya na so, uwarta na so, amma Alhaji ya ce sai ya yi bincike. Wata uku yana bincike, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutum ne dogo, mai tsare gida, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Yarona har ya rame.

A cikin wannan zaman jiran ne aka sanar cewa makaɗan nawa za su zo garinmu, wasan rana a wani fili, kuma wai wannan ne zagayensu na ƙarshe. Ɗan nawa, wanda ya san sirrina, ya saya mana tikiti biyu ni da uwarsa. Da na nuna mata sai ta ce, "Ni in je in tsaya cikin rana ana buga mini gwangwani a kunne? Ba ni zuwa kraa, ko kusa. Ka gaishe su."

Ranar Juma'a, ana gobe wasa, mun fito masallaci ina neman takalmina sai na ji an dafa ni. Alhaji ne.

"Malam, gobe bayan azahar ka zo gida mu yi maganar yaran nan."

Mai hankali zai ce to, ya yafe tikiti. Ni kuwa shekara arba'in nake jiran ganin mutanen nan da idona. Sai na ji bakina yana cewa, "Ayya Alhaji, gobe na yi alkawarin zuwa gaida wasu dattawa."

Har yau ina nan a kan bakana cewa ban yi ƙarya ba. Ƙaraminsu ya haura saba'in.

"Dattawan ina ne?" in ji shi.

"Baƙi ne, daga nesa suka zo. Na daɗe da saninsu."

"Lafiyarsu ƙalau dai?"

"To, jiki da jini. Ɗaya an yi masa aikin zuciya, ɗaya kuma kunne ya yi nauyi." Duk a jarida na karanta.

Alhaji ya girgiza kai cikin tausayi. "Bon, to gaida dattawa ai lada ne. Mu je tare, sai mu yi maganar a mota."

Na ce to, don ba ni da wata mafita. Ina komawa gida na fara tunanin in kai shi gidan tsofaffin da nake ɗaukar marasa lafiya, in zaɓi huɗu daga ciki mu gaisa. Matata ta ce in ji tsoron Allah in faɗa wa mutum gaskiya. Ɗana kuwa riƙe kai ya yi, ya ce, "Baba, please." Na yi musu alkawari zan faɗa masa a mota.

Washegari na tarar da Alhaji a ƙofar gidansa cikin farar babbar riga mai aiki, ta sha guga, sai ƙamshin turare yake. A hannunsa leda ce cike da goro da dabino, wai Hajiya ta ce ba a zuwa wa dattawa hannu sake. Muka kama hanya. Duk jar fitilar da ta tsayar da mu sai in buɗe baki, in ta ba da hannu sai in rufe. Shi kuma bai ɗauko maganar yaran ba, carbinsa kawai yake ja.

Muna isa filin ajiye motoci muka faɗa cikin dubban Turawa masu furfura. Ga tsofaffi da gashi ɗaure a ƙeya kamar na 'yan mata, ga baƙaƙen riguna sun ɗame tumbi, ga zane a damatsa, kusan kowa da kofin abin da ba sai na faɗa ba. Alhaji ya duba hagu, ya duba dama.

"Malam, duk waɗannan gaisuwar suka zo?"

"E, Alhaji. Dattawan suna da jama'a."

Sai da muka kai bakin ƙofa, ganga ta fara amsawa daga ciki, sannan na ce cikin ƙaramar murya, "Alhaji, makaɗa ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. A ransa ban san me yake karantawa ba, ni dai a nawa ina ganin auren ɗana yana tafiya da ƙafafunsa. Can ya ce, "Mun riga mun zo. Mu shiga." Mai binciken jaka ta juya goro ta shinshina, ta tambaya ko mene ne. Alhaji ya gaya mata da Turancinsa mai gauraye da Faransanci cewa tsarabar tsofaffin ce. Ta yi murmushi ta bar mu.

Na zauna na naɗe hannu, na ƙudura zan yi kallo kamar wanda aka tilasta. Dattawan suka fito a hankali, ɗaya har yana ɗingishi. Na ji tausayinsu, na ce a raina da sun zauna a gida. Sai mai jita ya taɓa tsirkiya ɗaya.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai taɓa ji ba. Mutumin nan ba ya gaggawa. Yakan kama sauti guda ya riƙe, ya lanƙwasa shi, ya sa shi kuka, sai ka ce zai tsinke sannan ya sake shi. Samarin yanzu suna gudu da yatsu kamar ana korarsu, shi kuwa abin da ya bari bai kaɗa ba ma daɗi gare shi. Mai ganga yana baya, ba ya ƙari ba ya ragi. Mai babbar jita ko motsi ba ya yi, amma a ƙirjinka kake jinsa. Muryar mawaƙin ta dushe, ba ta hawa inda take hawa a kaset ɗin yayana, to amma ya san haka, sai ya bi ta ƙasa, waƙar ta ƙara nauyi. A gabanmu akwai wata tsohuwa da 'yarta da jikarta, su ukun duk sun haddace baitocin.

Na daure waƙa ɗaya, na daure biyu. Ƙafata ce ta fara cin amanata. Ina satar kallon Alhaji, yana zaune ƙiƙam da ledar goro a cinya. A ta shida ne mai ganga ya yi wani ɗan bugu da na sani kamar sunana, kafin in ankara ina tsaye, hulata a hannu, idona a rufe, ina ihun "Kawo ruwa, kawo ruwa" tare da dubban mutanen da ke faɗin wani abu dabam.

Na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Na buɗe ido. Alhaji ne yake miƙo mini gorar ruwa.

Na karɓa na sha, don ban san me zan yi ba. Amshi ya sake zagayowa, bakina ya sake kufcewa. Ya dube ni, ya dubi gorar da ke hannuna, ya ce, "Bai ishe ka ba?"

Da aka tashi na nufi hanyar fita kaina a ƙasa. Sai ya ce, "Ina za ka? Goron fa? Ni gaisuwa aka ce mini na zo."

"Alhaji, ba a ganinsu. Akwai masu tsaro."

Ko saurarona bai yi ba. Ya tattara hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya doshi shingen bayan dandamali da tafiyar nan tasa ta ƙasaita, jama'a na buɗa masa hanya. Wani ƙaton mai tsaro ya tare mu. Alhaji ya ce, "Gaya masa daga Afirka muka zo gaida dattawa." Na fassara. Wannan ma ai ba ƙarya ba ce, sai dai mun ɗan daɗe a hanya. Ƙaton ya ƙare wa babbar rigar kallo, ya yi magana a rediyonsa, na ji yana cewa wani sarki ne. Ban gyara masa ba.

A cikin wata rumfa muka same su. Ɗaya ya tsoma ƙafa a bokitin ƙanƙara, ɗaya yana haɗiyar ƙwayoyin magani, dattawa dai sosai. Alhaji ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ya ɗauko gaisuwa tun daga tushe. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙarfin jiki, yaya aka baro mutanen gida. Kowanne sai da ya yi masa tasa, ni ina fassarawa, mai ganga kuwa sai na ɗaga murya don shi ne mai nauyin kunnen. Da farko sun rikice, daga baya suka fara amsawa da gaske, mai aikin zuciyar har ya buɗe riga ya nuna mana ɗinkin. Aka miƙa tsaraba. Mai jita ya jefa goro guda a baki ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma don kunya ya haɗiye ya ce mun gode.

Sai Alhaji ya ce mini, "Gaya musu naka."

Na ba su labarin yayana, da kaset, da jan farce, da Kawo Ruwa. Mawaƙin ya yi dariya har da tari, ya sa na maimaita masa kalmomin sau uku. Sannan ya rera amshin nan a hankali, da Hausarsa karkatacciya, mai jita yana buga masa kiɗan da hannu a cinyarsa. Na ga yayana a tsakar gidanmu da tsintsiya a hannu a matsayin jita. Kuka na yi, na gaske, a gaban mutumin da nake so ya ɗauke ni dattijo.

Muka yi la'asar a kan ciyawa gefen mota. Muka kama hanyar gida, muna hawa Gate City Boulevard sai Alhaji ya juyo wajena.

"Mai gangar nan," in ji shi, "na lura ba ya kallon jama'a, bayan mai jita yake kallo. In wancan ya yi jinkiri sai ya jira shi. Shekararsu nawa tare?"

"Sun kai hamsin, Alhaji."

"Hamsin. Sun iya sana'arsu, wannan babu gardama." Ya ja carbi kaɗan. "Ka san abin da ya hana ni ba ku amsa? Wata uku ina tambaya a kanka, kowa sai ya ce Malam ba shi da aibi. Ni kuma mutumin da ba a san aibinsa ba tsoronsa nake ji, ba zan kai 'yata gidansa ba. Yau na ga naka."

Na riƙe sitiyari da kyau. "Kiɗan ko, Alhaji?"

"A'a. Muryarka ce babu daɗi. Voilà, shi ke nan. Ku turo manyanku Lahadi mai zuwa."

A ranar na fara ganin haƙoransa.

Yanzu jikokinmu biyu ni da shi. Biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, kuma duk lokacin da labari ya fito Alhaji ne yake fara kirana ya yi mini ta'aziyya. Abin da na koya shi ne, mutuncin da sai ka kashe rediyo kafin ka same shi ba naka ba ne, aro ne, kuma mutane sun fi amincewa da wanda suka ga inda yake da rauni. Na daina rage murya a Gate City. Sai dai har gobe, duk taron da muka haɗu, ko suna ko ɗaurin aure, da zarar an ce Malam ya yi mana jawabi, sai in ga Alhaji ya taso da babbar rigarsa ya ajiye mini gorar ruwa a gaba, ya koma ya zauna.